Sifiri Daban, Babu Daban

Idan malami ya aiki yaro ofis ya ɗauko rajista, ba ya soma kiran suna sai ya dubi hannun yaron tukuna. To, haka ya kamata mai rubuta wa kwamfuta umarni ya yi.

A cikin umarnin kwamfuta akwai wani yanki da a ke kira fankishin. Shi kamar ɗan aike ne: ka ba shi saƙo, ya tafi, ya komo da amsa. Amma wani lokaci ya kan komo hannu wofi. In ka shiga lissafi ba ka duba ba, aikin ya tsaya cak, ko kuwa ya fid da amsar ƙarya.

Mu ɗauki harshen Python, wanda Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fitar a 1991. A nan, ɗan aiken da bai kawo kome ba None ya ke mayarwa, watau babu.

Ga misali daga aikinmu na malanta. A ce kana da ɗan aike mai nemo makin jarrabawa, ka shirya shi ya kawo None in yaro bai zo ba. Mai gaggawa sai ya rubuta:

if not maki:

Nan tarkon ya ke, gama wannan tambaya ba ta bambanta sifiri da babu. Yaron da ya zauna ya ci sifiri sai a lissafta shi cikin waɗanda ba su zo ba. Yara uku sun ci 60 da 30 da 0, matsakaicinsu 30 ne. In an yar da sifirin, sai ya zama 45, malami ya yi ta murna alhali ajinsa na baya. Abin da ya dace shi ne:

if maki is None:

Wannan babu kaɗai ta ke kamawa, ta bar sifiri a matsayinsa.

Kada mu rena wannan abu. Tony Hoare, masanin Ingila, shi ya sa alamar babu a harshen ALGOL W a 1965. A 2009 ya faɗa da bakinsa cewa kuskure ne da ya jawo hasarar dala biliyan.

Saboda haka, 'yan'uwa, in ɗan aikenku ya komo, ku dubi hannunsa kafin ku ɗauki alli.