Kafin ku biya kuɗin injin casa, ku san hannu nawa zai bi

Ƙungiyoyin manoma da yawa yanzu sun gwammace su shigo birnin Kano su ba da aikin injin casa ko na sussukar masara, maimakon sayen ɗan waje. Ya fi sauƙin kuɗi, ana yi muku daidai da amfanin da kuke nomawa, in ya lalace kuma mai gyara na kusa. Sai dai mai waldar da kuka ba aikin ba shi kaɗai zai yi shi ba. Gangar jiki da ƙafafu da fanka su ne nasa. Injin da zai ja, da boris da bel da fuli, sayowa zai yi, galibi a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Sandar tsakiya, wadda suke kira shaf, sai ya kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe.

Wannan ba baƙon abu ba ne a birni. Ko sirdin dokin da ake sayarwa a Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, masassaƙi ne ke yin icen, baduku ya rufe da fata, maƙeri ya buga likkafa. Matsalar tana zuwa ne ranar da inji ya tsaya ana tsakiyar kaka. Mai walda ya ce boris ɗin ne jabu, mai boris ya ce shaf ɗin ne a karkace, ku kuma dami na jibge a masussuka, kaji da ɓeraye na shan biki.

Saboda haka abu na farko, mutum ɗaya ne zai ɗauki alhakin aikin gaba ɗaya, shi ne wanda kuka ba. Ko wa ya kai wa wani sashe, ruwansa. Ku rubuta wannan a takarda da shaidu biyu kafin ku ba da kafin alƙalami.

A cikin takardar nan kada ku yarda da "mai kyau zan sa muku". A rubuta lamba. Boris mai gida da ake kira 205 na shaf ne mai kaurin milimita 25, shi kuwa 204 na milimita 20 ne. In shaf ya gaza kauri ko da kaɗan, zai riƙa rawa a ciki har ya cinye shi, ko da boris ɗin na asali ne. Bel ma haka: mai harafin A faɗinsa milimita 13 ne, mai B kuma 17, kowanne da fulinsa. A rubuta kaurin fallen ƙarfen gangar, a kuma rubuta abin da zai zama sabo da abin da kuka amince ya zama na hannu. Na hannu ba laifi ba ne, wani tsohon ƙarfen ma ya fi sabo, laifin shi ne a sa muku shi a kuɗin sabo. Amfanin lambar nan ba a ranar ciniki kaɗai ya tsaya ba: in bel ya tsinke a ƙauye, sai ku aika direba da lamba ya sayo, ba sai an ɗauko inji zuwa Kano ba.

Ku tsaya a kan maganar fuli, don nan ake yawan cutuwa ba a sani ba. Ƙaramin injin fetur irin samfurin GX160 yana juyawa har sau 3,600 a minti. In fulinsa inci 3 ne, na gangar kuma inci 12, gangar za ta juya sau 900. In aka rasa mai inci 12 a kasuwa aka maƙala mai inci 8, ta koma 1,350. Ido ba zai ga bambanci ba, amma wake da shinkafa za su gani, don karyayye za ku kwasa, kuma kun san yadda ɗan kasuwa ke yi wa karyayyen hatsi.

To wa zai sayo kayan? A ganina injin da zai ja, wanda sau da yawa shi ne mafi tsada, ku je tare da mai waldar a saya, rasit da sunan ƙungiya, a rubuta lambar jikinsa. Kuma a fara da shi, domin tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 farashin kayan waje ba ya zama wuri ɗaya. Ƙananan kayan kuwa ku bar masa ya sayo da kansa. In kuka sayo boris ya mutu, amsar a shirye take: "Ai ku kuka kawo."

Kuɗi kashi uku ya fi: na kaya, na tsakiyar aiki bayan wakilinku ya je ya gani tun ba a shafa fenti ba, sai cikon bayan gwaji. Fenti na rufe walda mara kyau.

Lokaci kuma, kada ku bari sai Oktoba. A lokacin kowa ya taso, mai sassaƙar shaf na da layi, in babu wuta ma aikinsa ya tsaya, mai waldarku kuwa ba shi da yadda zai yi da shi. Ku ba da aiki tun Yuli ko Agusta.

Ranar karɓa ku zo da naku amfanin, busasshe, a casa a gabanku na kamar awa guda. Ku duba karyayye, ku duba abin da fanka ke watsarwa cikin ƙaiƙayi, a kashe ku taɓa gidan boris ku ji ko ya yi zafin da hannu ba ya jurewa. In babu murfi a kan bel, kada ku ɗauka sai an sa, don babbar riga da mayafi ba sa shiri da bel mai gudu. Ku haɗa da bel ɗaya da boris biyu na ajiya a cikin cinikin.