Shelanta yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya

Shelanta yaƙi ita ce sanarwar da ƙasa ke yi a hukumance cewa ta shiga yaƙi da wata ƙasa. Yarjejeniyar Hague ta 1907 ta tanadi cewa sai an yi gargaɗi a fili kafin a fara kai hari. A Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914 zuwa 1918) ƙasashe ba su shiga lokaci guda ba, sun yi ta shiga ɗaya bayan ɗaya har tsawon shekaru.

Mafarin rikicin

A ranar 28 ga Yuni 1914 Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya-Hangari, Franz Ferdinand, a birnin Sarajevo. Ostiriya-Hangari ta ɗora wa Sabiya laifi, ta ba ta wa'adin awa 48 da sharuɗɗa masu tsauri. Sabiya ta amince da yawancinsu, amma hakan bai wadatar ba. Ranar 28 ga Yuli aka shelanta mata yaƙi ta wayar tangaraho.

Daga nan ƙawance ya ja kowa. Rasha ta fara tara sojoji don kare Sabiya. Jamus ta shelanta yaƙi kan Rasha ranar 1 ga Agusta, sannan kan Faransa ranar 3 ga wata, domin shirin sojojinta shi ne su gama da Faransa da wuri kafin Rasha ta kintsa. Hanyar da suka zaɓa ta ratsa Beljiyam, ƙasar da manyan ƙasashen Turai suka lamunce wa zaman ba-ruwanta tun 1839. Wannan ne hujjar da Birtaniya ta kafa ta shiga ranar 4 ga Agusta.

Waɗanda suka jira

Italiya tana cikin ƙawance da Jamus da Ostiriya-Hangari tun 1882, amma ta ƙi shiga, ta ce alkawarin na kare kai ne, kuma Ostiriya ce ta fara. A gaskiya ciniki ta tsaya yi. Ɓangarorin biyu sun yi mata tayin yankuna, na Birtaniya da Faransa ya fi tsoka, sai ta sa hannu a yarjejeniyar sirri ta Landan a Afrilun 1915, ta juya wa tsohuwar ƙawarta a watan Mayu. Bulgeriya ta bi Jamus a 1915, Romaniya ta bi ɗaya ɓangaren a 1916, kowace da yankin da take hange.

Daular Usmaniyya ta ƙulla yarjejeniyar sirri da Jamus ranar 2 ga Agusta 1914. A ƙarshen Oktoba jiragen ruwanta suka yi luguden wuta a tashoshin Rasha na Baƙin Teku, kuma a Nuwamba aka yi shelar jihadi da sunan Sarki Mehmed na Biyar. Amurka kuwa sai 6 ga Afrilu 1917 ta shiga, bayan Jamus ta koma nutsar da jiragen 'yan kasuwa ba gargaɗi, kuma aka bankaɗo saƙon Zimmermann da ke zuga Meziko ta yaƙe ta.

Ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka

Waɗannan ba a nemi ra'ayinsu ba. Shelar da aka yi a Landan ta haɗa da Najeriya, wadda a watan Janairun shekarar ne aka haɗe Arewa da Kudunta. An tura sojojinta, Hausawa da yawa a cikinsu, su yaƙi Jamusawa a Kamaru. Garwa ta faɗi a Yunin 1915, sansanin Jamusawa na dutsen Mora kuma bai miƙa wuya ba sai a Fabrairun 1916.