Gwajin Lafiya Kyauta: Amfaninsa ga Dattawan Manoman Lambu a Dilimi

Gabatarwa

Manoman da ke noman rani a gaɓar kogin Dilimi a cikin garin Jos sun daɗe suna wadata kasuwanni da latas da kabeji da karas da tumatir. Da yawa daga cikin masu waɗannan lambuna dattawa ne, kuma su ne ke riƙe da sanin ƙasa da iri da lokacin ban ruwa. Idan dattijo ya kwanta ciwo a tsakiyar aikin rani, lambu ya kan lalace, kuɗin taki kuma ya tafi wajen magani. Saboda haka lafiyar manomi tana cikin jarin gona.

Cututtukan da ba su sallama

Manomi ya san yadda tsutsa ke cin karan dawa daga ciki alhali ganye yana kore shar. Haka hawan jini da ciwon sukari suke. Mutum zai iya shekaru da su bai sani ba, sai ranar da suka jawo shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Awo ne kaɗai ke bayyana su da wuri. Idan awon jini ya kai 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban, to akwai hawan jini. Idan sukari ya kai 126 a ma'aunin miligiram, bayan an yi awa 8 ba a ci komai ba, sai a sake gwaji domin a tabbatar.

Haka ma ido. Binciken makanta da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa wajen mutum 4 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba. Yana ana cire ta da ɗan ƙaramin aiki, gani ya dawo. Amma ganin da ciwon gilakoma ya cinye ba ya dawowa, sai dai a tsare wanda ya rage. Manomin da ba ya gani sosai ba zai iya karanta takardar maganin feshi ba, balle ya auna shi daidai.

Lokacin da ake samun gwaji

Asibitoci da ƙungiyoyi su kan shirya gwaji kyauta a ranakun da duniya ta keɓe: 17 ga Mayu domin hawan jini, 1 ga Oktoba domin tsofaffi, Alhamis ta biyu a watan Oktoba domin gani, da 14 ga Nuwamba domin ciwon sukari. Uku na ƙarshe sun zo daidai da farkon noman rani, lokacin da ya dace manomi ya san halin da jikinsa yake ciki. A riƙa sauraron sanarwa a rediyo da masallatai da majami'u.

Abin da ya kamata a kiyaye

1. A tafi da sassafe, kada a karya kumallo idan za a gwada sukari.
2. Kada a ci goro ko a sha taba minti 30 kafin awo, kuma a zauna a huta minti 5.
3. A tafi da duk maganin da ake sha, har da na gargajiya da na ciwon jiki da ake saye a hannun 'yan talla, domin yawan shan wasunsu yana lahanta ƙoda.
4. A gaya wa ma'aikacin lafiya irin magungunan feshin da ake aiki da su.
5. A karɓi sakamako a rubuce, a adana shi.
6. A tafi da iyali, domin mata ma waɗannan cututtuka suna kama su.

Bayan gwaji

Gwaji ba magani ba ne. Wanda aka ba takardar zuwa asibiti ya je da wuri, ko cibiyar lafiya ta unguwa, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko na Jankwano, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Ya kuma nemi bayani game da inshorar lafiya ta hukumar PLASCHEMA. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. A rage gishiri da kanwa da magi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi. Mai ciwon sukari kada ya shiga ruwan lambu ba takalmin roba, kuma ya duba ƙafafunsa kullum, saboda ƙaramin rauni ya kan zama gyambo.

Kammalawa

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin manoman lambu da malaman gona su rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, su nemi a kawo gwaji kusa da fadama kafin a fara dashe. Kowane dattijo ya yi ƙoƙarin yin gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da amfani mai albarka.