Na'ura Ce Za Ta Faɗa Mana Ko Mai Waƙa Mace Ce Ko Namiji?

Duk wanda ya saba shiga Katako ko Wadata ko Babbar Kasuwar Yamai ya san samarin nan masu tura waƙoƙi: ɗan tebur, da tsohuwar kwamfuta, da lasifika mai cika kunne. Mai tumatir ta bar kayanta a hannun maƙwabciya, ta miƙa salularta ta ce a zuba mata waƙoƙin Fati Nijar, ko na marigayiya Hamsu Garba, ko na Barmani Coge in mai son amada ce. Yaron ba ya tambayar kowa, domin ya san mai waƙar, ya san garinsu, wani lokaci har bikin da aka rera ta ya sani.

To amma a can inda manyan kamfanoni ke tara miliyoyin waƙoƙi a intanet, babu yaron da zai zauna ya saurare su ɗaya bayan ɗaya. Na'ura ce ke wannan aiki. Ita ke auna saurin kiɗa, ta ware na rawa da na juyayi, wasu na'urorin kuma har su liƙa wa muryar mai waƙa tambarin "mace" ko "namiji". A nan ne gizo ke saƙa.

Abin da na'urar ke dubawa da farko shi ne kauri ko sirantar murya. In babban namiji yana magana, tantanin maƙogwaronsa kan kaɗa kamar sau 85 zuwa 180 a sakan guda, na mace kuma kamar sau 165 zuwa 255. Kun ga tun a magana ma akwai inda suka haɗu, balle a waƙa, inda kowa ke ɗaga murya ko sauke ta yadda ya ga dama. Sauran aikin kwatance ne: an ba na'urar tarin waƙoƙin da mutane suka riga suka tantance, mafi yawansu na Turai da Amurka, ita kuma sai ta riƙa auna kowace sabuwar murya da su. Wata manhaja mai suna Essentia, ta Jami'ar Pompeu Fabra da ke Basalona a ƙasar Sifen, tana da irin wannan ma'auni, kuma da ita rumbun AcousticBrainz ya yi wa miliyoyin waƙoƙi tambari. A shekarar 2022 masu rumbun suka dakatar da shi, suna cewa bayanan da na'ura ta tara musu gaba ɗaya ba su kai ingancin da za a dogara da su ba.

Yanzu a kawo wannan ma'auni gidanmu. Waƙoƙin finafinan Hausa da ke tashi a kowace rumfa, kusan duk an bi muryoyinsu da na'urar gyaran murya, wadda ke sirantar da ta namiji har ta yi zaƙi. Ko Mdou Moctar, makaɗin gitar nan Buzu, da ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar, da irin wannan gyara ya fito. Ga yaran Islamiyya masu yabon Manzon Allah waɗanda muryarsu ba ta fashe ba. Ga tsohuwar zabiya da shekaru da yawan biki suka kaurara mata murya. Ga waƙar da saurayi da budurwa ke karɓa-karɓa, ga kuma 'yan amshi. Wane tambari na'ura za ta liƙa wa waɗannan?

Wani zai ce ai kuskuren na'ura ba abin damuwa ba ne. Wanda ya faɗi haka bai san garin nan ba. A ce an rubuta a gaban duniya cewa muryar wani magidanci ta mace ce, kafin la'asar an fara yi masa kirarin ɗan daudu a tasha, kuma ba na'urar ce za ta je ta ba iyalinsa haƙuri ba. Haka ita ma macen da aka jefa waƙarta cikin jerin maza: mai neman waƙoƙin mata don biki ko suna ba zai iske ta ba, cinikinta ya wuce ta ba tare da ta san dalili ba.

Gaskiya ne masu goyon bayan abin suna da hujja. Sun ce sai an ƙidaya za a gane yadda ake danne mata a harkar waƙa. Wani bincike na 2021 da Andres Ferraro da Xavier Serra da Christine Bauer suka yi ya nuna mata kashi 25 cikin 100 ne kawai na mawaƙan da ake saurare, kuma na'urar da ke ba da shawarar waƙa tana sa maza a gaba. Ƙidayar tana da amfani, amma a ganina mawaƙi yana da baki, ana iya tambayarsa maimakon a yi masa canki-canka.

Kuma kada mai saurare ya ɗauka ya tsira. A watan Janairun 2021 kamfanin Spotify ya samu takardar mallakar wata fasaha da za ta saurari muryar mai amfani da waya, ta ƙiyasta jinsinsa da shekarunsa da halin da zuciyarsa ke ciki, don a zaɓo masa waƙa. A watan Mayu na shekarar mawaƙa da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sama da 180 suka rubuta masa cewa ya yi watsi da ita. Kamfanin ya ce bai taɓa aiki da ita ba, kuma ba ya da niyya. A fannin hotuna kuwa wasu sun riga sun ja da baya: Google ya daina liƙa "mace" da "namiji" a hotunan mutane a 2020, Microsoft ya bi sahu a 2022.

Mu a Nijar an kafa dokar kare bayanan mutane tun 2017, ga kuma ofishin BNDA mai kula da haƙƙin mawaƙa, inda mai waƙa ke zuwa da ƙafarta ta ba da sunanta da na waƙoƙinta a rubuta. Waƙar da aka ɗauka da salula a gidan biki ita ce ba ta bi ta wannan ƙofa ba: daga hannu zuwa hannu take tafiya har ta faɗa intanet, sau da yawa ko sunan mai ita babu.