Bayanin Allurar Tarin Shiƙa da Aikinta a Jikin Ɓera

Ku sani, tarin shiƙa cuta ce mai halaka jarirai. A shekarar 1906 masana biyu, Bordet da Gengou, suka ware ƙwayarta a ƙasar Beljiyam. Allurarta ta asali kuwa ƙwayoyin nan ne da aka kashe.

A 1947 Pearl Kendrick da abokan aikinta a Amurka suka bayyana hanyar auna ƙarfinta. Watau a yi wa ɓeraye allura, bayan kwana 14 a zuba musu ƙwaya mai rai cikin ƙwaƙwalwa. Gwargwadon waɗanda suka tsira, gwargwadon kyan allurar.

Abin al'ajabi, aikinta bai tsaya ga tari kaɗai ba. In aka gauraya ta da wani abu, kamar farin ƙwai, jinin ɓera yakan tara makaman yaƙar abin nan fiye da in an ba shi babu gauraye. Dalili, matacciyar ƙwayar tana ta da garkuwar jiki kamar yadda kururuwa take ta da gari. Wannan yana daga fa'idar haɗa ta da allurar mashaƙo.

Alhasili, a kan ɓera ake jarrabawa domin a amince kafin a kai ga jariri. Wassalam.