Yadda ake shirya zanen siffofin takarda kafin a miƙa wa injin leza

Duk wanda ya taɓa karɓar katin gayyatar ɗaurin aure mai huje-huje kamar leshi, ya riga ya ga aikin injin leza ko da bai san sunansa ba. Irin wannan injin ne kuma ɗaliban zanen gine-gine da masu sha'awar ƙera abubuwa da takarda kan kai wa aikinsu, domin ya yanka musu sassan ƙaramin gida ko jirgin sama ko kan zaki, su kuma su ninke su haɗa da gam.

Abin da mutum zai kwana biyu yana yi da almakashi da reza, injin kan gama shi cikin 'yan mintoci. Sai dai mai zuwa karon farko yakan sha mamaki. Ya kawo zane mai kyau a filashi, an shimfiɗa kwali, an danna maɓalli, sai ga siffar ta fito gunduwa-gunduwa, kowane bango ya rabu da ɗan'uwansa, gefuna sun yi baƙi. Kwali ya salwanta, kuɗin hayar injin ma ya tafi. Galibi lafiyar injin ƙalau. Zanen ne aka tsara shi domin idon mutum, ba a kuma sake shirya shi yadda na'ura za ta fahimta ba.

Daga siffa zuwa shimfiɗa

Sana'ar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na 19 maɗaba'ar Pellerin da ke garin Épinal a Faransa da kamfanin Schreiber na Esslingen a Jamus suke buga takardun da yara kan yanka su haɗa gidaje da fadoji. A yau manhaja ce ke yin lissafin. Wadda ta fi shahara ita ce Pepakura Designer ta kamfanin Tama Software na Japan, sannan manhajar Blender, wadda kyauta ce, tana da ƙarin da ke yin irin wannan aiki.

Aikin nasu shi ne warware siffa mai tsawo da faɗi da kauri ta kwanta a kan takarda, kamar yadda ake farke kwalin sabulu a shimfiɗa shi. A ɗauki akwati mai fuska shida daidai wa daida. Gefunansa 12 ne. Idan aka shimfiɗa shi a matsayin yanki guda, gefe biyar za su zama wurin ninki, bakwai kuma dole a raba su, kowane ɗaya a ba shi ɗan kunne da za a shafa wa gam. Wato ko a siffa mafi sauƙi akwai layi iri biyu: na yanka da na ninki. A kan zakin da ke da fuska ɗari uku, layukan ninkin kaɗai sun kusa ɗari uku.

Mai almakashi yana bambanta su ba tare da ya yi tunani ba. Ya ga layi miƙaƙƙe ya yanka, ya ga mai tsinke-tsinke ya ninke, ya ga lamba ya san alama ce kawai. Injin kuwa duk layin da aka ba shi bin sa zai yi da wuta.

Hoto daban, zanen layi daban

Tarko na farko yana cikin nau'in fayil. Da yawa daga cikin takardun da ake saukewa daga intanet hotuna ne, wato tarin ɗigo-ɗigo masu launi, ko da an naɗe su a cikin PDF. Injin zai iya ƙona hoto a kan kwali, amma ba zai sami hanyar da zai bi ya yanka ba. Abin da yake buƙata shi ne zanen layi, wanda kowane layi a cikinsa umarni ne na "tashi daga nan ka je can". Irin wannan zane akan ajiye shi a fayil ɗin SVG ko DXF, ana kuma gyara shi da Inkscape ko CorelDRAW ko Illustrator. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a yi ta ƙara girman zanen a fuskar kwamfuta. Idan layin ya fara dusashewa ya zama murabba'ai, hoto ne.

Akwai umarnin da ke mayar da hoto zanen layi da kansa, kuma nan ne masu gaggawa kan faɗa. Manhajar takan zagaye layin da ke hoton ta gefe biyu, sai layi ɗaya ya zama biyu kusa da juna. Injin ya yanka duka biyun, ɗan siririn da ke tsakani ya kama wuta. Ga siffa ƙarama, gara mutum ya ɗora sabon layi da hannunsa a kan hoton. Zai ci awa guda, amma ya fi araha a kan kwali biyar.

Ko fayil ɗin da ya fito kai-tsaye daga manhajar warwarewa yakan zo da layuka biyu a kan juna, domin kowace fuska an zana ta da nata gefen. Ido ba zai gani ba. Injin zai bi wurin sau biyu, kuma layin da aka so a karta kawai sai ya tsinke. Manhajar LightBurn, wadda masu injin da yawa ke amfani da ita, tana da umarnin goge irin waɗannan tagwayen layuka, ya kuma kamata a yi amfani da shi kowane lokaci.

Matsalar ninki

Nan ne aikin yake. Injin yana rarrabe layuka ne ta launi: kowane launi ana ba shi nasa ƙarfin wuta da nasa saurin tafiya. Al'adar da aka fi bi ita ce ja domin yanka, shuɗi domin ninki, baƙi domin rubutu, amma ba doka ba ce, don haka a tambayi mai injin tun kafin a fara. Abin lura kawai shi ne launin ya zama iri ɗaya tak, domin ja mai ɗan duhu da ja mai haske launi biyu ne a wurin na'ura.

Hanya biyu ake bi wajen yin layin ninki. Ta farko ita ce karta: a rage wuta, a ƙara sauri, yadda hasken zai ci kamar sulusi ko rabin kaurin kwalin ya bar sauran. Ninkin yakan fito tsaf. Amma kwalin da aka karta yana son ya ninku ne ta yadda kartar za ta kasance a waje, ta buɗe baki. Siffofi kuwa suna da ninki iri biyu, na tudu wanda ƙaryarsa ke tasowa sama, da na kwari wanda ke lotsawa ciki. Injin fuska ɗaya yake gani. Wanda ya nace sai ya karta duka biyun, dole ya juya kwalin ya daidaita shi daidai inda yake, abin da ba kowa ke dacewa da shi ba. Ƙari a kan haka, manyan injuna masu bututun gilashi sau da yawa ba sa kunna haske idan an rage ƙarfin ƙwarai, don haka ƙaramar wutarsu ma takan huda siririyar takarda.

Hanya ta biyu ita ce huda-huda, irin ta takardar rasit da ake yagewa: a yanka milimita ɗaya ko biyu, a tsallake kamar haka, a sake yankawa. Wannan tana ninkuwa ta kowane ɓangare, ba ta kuma damu da ɗan bambancin kaurin kwali ba. Aibinta shi ne hujin yana bayyana a jikin siffar. Ga mai farawa ita ce ta fi aminci.

Sai dai a nan ma akwai rami. Layin da ake gani mai tsinke-tsinke a Inkscape ko Illustrator ado ne kawai aka sa masa. A ƙarƙashinsa layi ne guda miƙaƙƙe. Manhajojin injin da yawa sukan yar da adon su yanka layin ɗungurungum, wannan kuma shi ne asalin siffar nan da ta fito gunduwa-gunduwa. Maganinsa ɗaya daga cikin biyu ne: ko a yi amfani da umarnin da ke datsa layin ya zama ƙananan layuka na gaske, ko a bar shi miƙaƙƙe a kunna tsarin huda-huda a manhajar injin.

Takarda ma tana da nata ra'ayin. Zarurrukanta sun kwanta ta fuska ɗaya, kuma ninkin da ya bi su ya fi wanda ya gitta su laushi. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, kwali mai kauri yakan tsage a bakin ninki. Takardar ofis mai nauyin giram 80 ta yi laushi da yawa. Masu wannan aiki sun fi amfani da mai giram 160 zuwa 250.

Awo da jerin aiki

Manhajoji ba su yi ittifaƙi a kan yawan ɗigon da ke cikin inci ɗaya ba. Illustrator na ƙirga 72, Inkscape ta daɗe tana ƙirga 90 kafin ta koma 96 a fitowarta ta 0.92 a shekarar 2017. Sakamakon haka, layin milimita 100 da aka zana a manhaja mai ƙirga 72, aka buɗe a mai ƙirga 96, zai iya komawa milimita 75. Idan shafi ɗaya ne kaɗai ya sauya, sassansa ba za su haɗu da na sauran ba. Dabarar ita ce a zana murabba'i mai milimita 100 a kusurwar kowane shafi, a auna shi a manhajar injin kafin a kunna wuta.

Kamar yadda zarto ke cin ɗan katako a inda ya bi, hasken ma yana cin kusan milimita 0.1 zuwa 0.2. A siffar da ake haɗawa da gam wannan ba abin damuwa ba ne. A wadda ake cusa yanki cikin tsagar wani kuwa, tsagar za ta yi sako-sako idan ba a rage faɗinta a zanen ba.

Jerin aikin yana da ƙa'ida: lambobi da farko, sai ninki, sai ramukan ciki, yankan waje a ƙarshe. Da zarar an zagaye yanki ya rabu da uwar takardar, iskar da injin ke hurawa za ta iya gusar da shi, duk abin da aka zana bayan nan kuma zai sauka a inda bai dace ba. Shi ya sa ake barin 'yan gadoji masu faɗin rabin milimita a layin waje, su riƙe yankin har a gama, a ɓalle shi da yatsa.

Lambobin da ke nuna wane gefe ne zai haɗu da wane, a mayar da su kan kunnuwan gam inda za su ɓuya. A kuma rubuta su da haruffa masu layi ɗaya, irin waɗanda Allen Hershey ya tsara a Amurka a shekarun 1960, waɗanda ke cikin Inkscape. Harafi mai ciko yana sa injin ya yi ta kai-komo, kuma inda ake biya da minti, lambobi ɗari biyu za su iya fin yankan kansa tsada.

Wuta ce, takarda ce

Yawancin injunan shaguna suna amfani ne da hasken iskar kabon dayokzayid, irin wanda Kumar Patel ya ƙirƙiro a ɗakin binciken Bell a 1964, kuma ƙarami mai wat 40 ya ishi kowane kwali. Ƙananan injunan gida masu shuɗin haske sukan wahala da farar takarda, domin tana mayar da yawancin hasken baya.

Kowane iri ne, ƙa'idar ita ce sauri mai yawa, wuta kaɗan, kuma kada a bar wurin ko na minti ɗaya. Gutsattsarin da suka taru a ƙarƙashin faranti mai ramuka kamar saƙar zuma su ne kan fara kamawa. Takarda mai rufin roba kuwa sai an tabbatar da irin robar, domin PVC na fitar da iska mai guba da ke cutar da huhu, tana kuma cin ƙarfen injin. Mai gudun tabon hayaƙi a fuskar da aka yi wa launi zai iya juya zanen kamar a madubi ya yanka ta baya.

Kafin a saka babban shafi, masu injin da suka ƙware kan yanka ɗan akwati guda daga irin kwalin da za a yi aikin da shi, mai ninkin tudu da na kwari da kunne ɗaya. Ba ya kai minti guda. A ninke shi a hannu: idan ya tsage a rage wuta, idan ya ƙi lanƙwasa a ƙara kaɗan, sannan a rubuta lambobin da suka dace a bayan kwalin domin zuwa na gaba.