Tsohuwar Land Rover: abin ado a Ingila, jakin kasuwa a Adar

Kowace shekara, da zarar sanyi ya janye daga ƙasar Ingila, masu sha'awar motar nan Land Rover sukan ɗauki iyalinsu da tantunansu su nufi filayen baje kolin motoci. Akwai taron da aka daɗe ana yi a Billing, kusa da birnin Northampton, akwai kuma wanda ake yi a gidan tarihin motocin Birtaniya da ke Gaydon. A can ake jera ɗaruruwan motoci, an wanke su an goge suna walƙiya, masu su suna zagawa suna leƙa ƙarƙashin ta juna domin su ga wa ya fi riƙe kayan asali. A Billing har fili ake ware wa, mai ramuka da taɓo, mutum ya biya kuɗinsa ya shiga da mota ya maƙale, ƴan kallo suna tafi.

Direban da ya saba da hanyoyin Madawa da Buza da Keita, in aka ba shi wannan labari, dariya za ta kama shi. Shi ma yana da nasa taron, kowace ranar kasuwa, a bakin tasha. Shi kam ba ya biyan kuɗi domin ya shiga taɓo: taɓon ne yake tare masa hanya, ga buhunan albasa a baya, ga fasinjoji a bisa. Motar da Bature yake nishaɗi da ita, ita ce ta shafe shekaru tana haɗa ƙauyukan Adar da kasuwa da asibiti. Yau ta tsufa, adadinta yana raguwa, kuma babu wanda ya tsaya ya yi lissafin abin da zai maye gurbinta.

Daga rairayin bakin teku zuwa duwatsun Adar

Asalin motar bai rasa nasaba da talauci ba. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙarfe ya yi wuya a Ingila, kamfanin Rover kuwa yana neman abin da zai sayar a ƙasashen waje. A shekarar 1947 injiniyan kamfanin, Maurice Wilks, wanda yake aikin gonarsa da wata tsohuwar jif ta sojan Amurka, ya zana siffar sabuwar motar a kan rairayin bakin teku a tsibirin Anglesey. Ranar 30 ga watan Afrilu 1948 aka nuna ta ga jama'a a birnin Amsterdam. Da yake ƙarfe ya yi ƙaranci, sai aka yi gangar jikinta da alminiyom, irin wanda maƙera suke zuba tukwane da shi, aka ɗora a kan shasi na ƙarfe mai kama da tsani. Manomi aka yi wa ita, ta ja garma da safe, ta kai kaya kasuwa da marece.

Samfuri na biyu ya fito a 1958, na uku a 1971, aka ci gaba da ƙera shi har 1985. Waɗannan su ne aka fi sani a ƙasar Nijar, musamman doguwar da ake kira 109, wato inci 109 tsakanin tayar gaba da ta baya, kimanin mita 2,77 ke nan. Ba a Ingila kaɗai aka yi su ba: kamfanin Santana ya ƙera su a ƙasar Sipaniya, an kuma haɗa wasu a Ibadan ta Najeriya. A Nijar sun shigo ne ta hannun gwamnati da jandarma da ƴan mishan da ayyukan raya karkara. Idan mota ta gama wa'adinta a ma'aikata sai a yi gwanjonta, ta faɗa hannun ɗan kasuwa, a ƙara mata ƙarafa a baya, ta shiga sabuwar rayuwa. Sunan ya ƙara fita a 1979, lokacin da ƙanwarta Range Rover ta zo ta ɗaya cikin motoci a tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya ratsa ta Agadas da Yamai.

Ƙasar da ta zaɓi motarta

Wanda bai taɓa barin kwalta ba, ba zai gane dalilin da ya sa wannan mota ta samu gindin zama a Adar ba. Madawa tana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, tsakanin Ƙonni da Maraɗi. Amma da mutum ya juya arewa ya nufi Buza, mai nisan kimanin kilomita 50, sai ƙasa ta sake kama: tuddai masu baƙin dutse, fako mai tsakuwa, sa'an nan gangara zuwa kwaruruka irin na Tarka da Magiya da Keita. Da rani rairayin ƙorama yana riƙe taya, da damana ruwa yana saukowa daga duwatsu cikin sa'a guda ya yanke hanya. Garuruwa irin su Tamaske da Ibohaman da Garhanga da Ƙarofan da Babban Katami kowane yana da ƙauyuka a bayansa waɗanda babbar mota ba ta isa gare su.

Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya da haɗin gwiwar hukumar FAO, ya buɗe hanyoyin burji da dama, ban da madatsun ruwa da dashen itatuwa da matan yankin suka yi da hannuwansu. Hanyoyin nan sun sauƙaƙa tafiya, amma hanyar burji tana bukatar gyara kowace shekara, in ba haka ba damana biyu ta ishe ta.

A irin wannan ƙasa ne Land Rover take nuna halinta. Kusa da sandar giya akwai wasu ƙananan sanduna biyu. In direba ya danna mai kan ruwan ɗorawa, tayoyi huɗu duka suna ja. In ya jawo mai jan kai, gudu ya ragu ƙarfi ya ninka, motar ta hau dutse tana tafiyar hawainiya. Injinta mai silinda huɗu ba shi da gaggawa, ba shi kuma da wata na'ura da ta fi ƙarfin makanikin ƙauye. Cikinta yana nesa da ƙasa, jikinta ba ya tsatsa. A Ingila danshi da gishirin da ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara su ne suke cinye shasi. A Adar, inda iska take bushe, abin da yake karya shi shi ne lodi.

Baje kolin ranar kasuwa

Tun da asuba ake fara lodi. Buhunan albasa ko na hatsi a ƙasa, tabarmi da kwanuka da jarkoki a sama, awaki a ɗaure a gefe, sa'an nan mutane su hau bisa kayan. Tsofaffi da masu jego da malamin lakwal da aka tura ƙauye su ne suke samun gaba, in sun biya ƙari. Yaron mota yana maƙale a baya da guntun itace a hannu, domin in mota ta tsaya a kan hawa ya yi tsalle ya sa mata waigi kafin ta koma da baya. In batir ya mutu, fasinjoji su sauka su tura. In an iso ƙorama ruwa yana gudu, kowa ya nemi inuwa a jira ya janye.

Su ma masu motocin nan suna zagaya ta juna kamar Turawan Gaydon, sai dai abin da suke dubawa daban ne. Bature yana alfahari da cewa bai sake ko noti ɗaya ba. Direban Adar yana alfahari da cewa ya sake komai amma motar tana tafiya. Akan samu wadda injinta na wata mota ne, tankin manta jarka ce, ƙofarta igiya ce take riƙe da ita. Maƙeri ya yi mata walda, makaniki ya yanka mata gasket daga kwali. Wannan ilimi ba a lakwal aka koye shi ba, daga maigida zuwa yaro yake tafiya, cikin baƙin mai da zafin rana. Yawancin notinan tsofaffin samfurin da awon inci aka yi su, sifanar Faransa ba ta kama su daidai, shi ya sa tun can kayan aiki da kayan gyara daga Najeriya suke fitowa, daga Sakkwato ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Abubuwan da suka taru a kanta

Bugun farko ya zo ne daga Japan. Tun shekarun 1980 ma'aikatu da ƙungiyoyi suka koma sayen Toyota, Land Cruiser da Hilux, masu jure gudu da ƙarancin lalacewa. Ke nan rijiyar da ake ɗibar tsofaffin Land Rover a gwanjo ta fara ƙafewa. Na biyu shi ne karyewar darajar kuɗin CFA da rabi a watan Janairu 1994, wadda ta ninka kuɗin duk wani abin da ake sayowa daga Turai. Kamfanin shi kansa ya yi ta sauya hannu: BMW a 1994, Ford a 2000, sai Tata na ƙasar Indiya a 2008. Ranar 29 ga watan Janairu 2016 Defender ta ƙarshe, jikar samfurin 1948, ta fito daga masana'antar Solihull, bayan an ƙera fiye da miliyan 2. Sabuwar da ta gaji sunan a 2020 motar masu hali ce, cike da kwamfuta, babu abin da makanikin Buza zai iya yi mata da guduma da sifana.

Sai kuma matsalar iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe su bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023 har zuwa farkon 2024. A watan Mayu 2023 kuma ta janye tallafin man fetur, man bakin hanya mai araha ya yi tsada, alhali tsohuwar Land Rover mai shan mai ce ƙwarai. Duk wannan a kan kuɗin buhu yake sauka, daga nan ya sauka a kan manomi da mai saye.

Akwai kuma gaskiyar da ba a son faɗi a tasha. Motar 109 ba a yi ta domin kayan da suka kai tan guda ba. Babban buhun albasa kuwa yakan kai kilo 100 ko fiye, wato buhu goma sun riga sun wuce iyaka tun mutum ɗaya bai hau ba. Birkinta na tsohon yayi ne, kuma in kaya suka yi tsawo nauyi yakan rinjayi mota a kan gangara. Direba ya san haka, fasinja ma ya sani, amma in mota ɗaya ce take zuwa ƙauye a mako, wa zai yarda a bar shi a ƙasa? Babura da masu ƙafa uku sun rage wa mutane wahala, sai dai babur ba ya ɗaukar buhu goma, ba ya kuma kai mace mai naƙuda asibitin Madawa cikin kwanciyar hankali.

Darajar da ba a sani ba

A watan Disamba 2015 an yi gwanjon Defender ta cikon miliyan 2 a Landan, aka saye ta fam 400.000, kusan CFA miliyan 360 a lokacin. A 2016 kamfanin ya shiga neman samfurin farko a ƙasashe daban-daban yana sabunta su yana sayarwa. Dokar Birtaniya ma tana yafe wa motar da ta wuce shekara 40 harajin hanya. Kada mai karatu ya ɗauka duk wata tsohuwar mota da take kwance a bayan gareji dukiya ce: wadda aka sake wa inji aka yi wa shasi faci goma ba za ta burge masu wannan sha'awa ba. Amma ya kamata mai ita ya adana takardunta da lambar shasinta, ya kuma yi tambaya kafin ya miƙa ta ga masu sayen ƙarfe a kilo, jikinta ya ƙare a tukunyar tuwo. Ko ba ta tashi ba, gatarinta da akwatin giyarta suna iya tayar da wata.

Abin da ya kamata a ɗauka daga taron Ingila shi ne tsari. Masu motocin can sun kafa ƙungiyoyi, sun san wa yake da wane ƙarfe, suna haɗa kuɗi a ƙera musu abin da ya ɓace daga kasuwa, suna rubuta abin da tsofaffin makanikai suka sani. Sandikan direbobi na Madawa da Buza da Keita ba su rasa ikon yin haka: sayen kayan birki da taya a dunƙule, da sa iyaka ga lodi wadda kowa zai bi, domin kada mai kiyayewa ya zama shi ne mai hasara. Cibiyoyin koyon sana'a suna iya gayyatar tsofaffin makanikai su koyar tun suna da rai. Hukumomin gundumomi kuwa, waɗanda suke karɓar haraji a kasuwa da tasha, su tuna cewa mashigin ƙorama ɗaya da aka zuba wa siminti ya fi wa ɗan kasuwa amfani bisa ga dogon jawabi.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Gaskiya ne, amma zumar nan ta kusa ƙarewa a tulu. Ranar da Land Rover ta ƙarshe za ta kwanta a Adar, in hanya ba ta gyaru ba, albasar ƙauye a gona za ta ruɓe, majinyaci kuma ya koma amalanke. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.